Rigar Ma'aikatan Jirgi: Abin Da Na Tsinta A Akwatin Hajiya

Wannan makon zan ɗan jingine ci gaban littafinmu, domin wani abin kunya ya same ni, kuma na ga gara in tona kaina da kaina.

Waɗanda ke bin labarin za su tuna babin da na mai da tauraruwar ma'aikaciyar jirgin sama. Na sa mata leshi mai duwatsu, da takalmi mai tsini, da gyale yana jan ƙasa, wai tana raba wa fasinja abinci. To ashe wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta yi wannan aiki a ƙuruciyarta da wani kamfani da ya daɗe da durƙushewa, jikarta na karanta mata. Sai ga aike ana kirana. Bayan mun gaisa ta ce, "'Yar nan, wannan yarinyar taki gidan biki za ta ko aiki?" Na yi tsuru-tsuru. Ta sa aka jawo akwati, ta fito da siket da kwat da 'yar hula suna ƙanshin kafur, ta ce, "Taɓa ki ji. Wannan ba kayan kwalliya ba ne, kayan ceton rai ne." Daga ranar na shiga bin diddigi, ga kuma abin da na samo.

Da farko dai maza ne suka fara aikin. A 1912 wani Bajamushe, Heinrich Kubis, ya soma hidimar fasinja a cikin irin jirgin nan mai kama da ƙatuwar balan-balan. Mace ba ta shigo ba sai a 1930, lokacin da wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Ellen Church, ta shawo kan kamfanin Boeing Air Transport. Hujjarta kuwa mai sauƙi ce: mutane na tsoron jirgi, ga jiri ga amai, amma idan suka ga nas a ciki hankalinsu zai kwanta. Aka ɗauke su su takwas, duk 'yan jinya, da sharaɗin ba aure, kuma kada shekaru su wuce 25. Kayansu na ulu ne, kore mai duhu, da mayafin kafaɗa mai kauri, saboda jiragen lokacin sanyi ake sha a ciki. Su kuwa matuƙa, kamfanin Pan Am ne ya yi fice wajen sa musu kaya irin na hafsoshin jirgin ruwa. Kun ga tun asali rigar magana take yi, tana ce wa fasinja ka kwantar da hankalinka, kana hannun waɗanda suka san aiki.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, soja suka kwashe 'yan jinya, sai aka janye wancan sharaɗi. Daga baya kuma jirage suka yawaita, gasa ta yi zafi, sai kamfanoni suka ga ai da jikin 'yan matan ma ana iya talla. A 1965 kamfanin Braniff ya ɗauko Emilio Pucci na Italiya, ya tsara kaya masu launi barkatai, har da wata hular roba mai kama da ta 'yan sama jannati. A farkon shekarun 1970 kamfanin Southwest gajeren wando ya sa wa ma'aikatansa mata. Allah Sarki, daga nas an koma allon talla. Sai da matan suka tashi tsaye ta hanyar ƙungiyoyinsu da kotuna kafin aka soke dokar korar wadda ta yi aure, aka kuma dawo da mutunci cikin suturar.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka ƙi aron rigar wani. A 1968 aka ba Pierre Balmain na Faransa aikin tsara kayan ma'aikatan kamfanin haɗin gwiwar Malesiya da Singafo. Bai kawo musu siket ɗin Turai ba, sai ya ɗauki zane da rigarsu ta gado mai zanen batik, 'yar'uwar atamfarmu, ya gyara ɗinkin. Da Singapore Airlines ya tsaya da ƙafarsa a 1972 ya riƙe ta, fiye da shekara 50 ke nan, kuma launin rigar ke nuna muƙamin mai ita. A jirgin Habasha ma za ka ga wasu ma'aikatan cikin farar saƙarsu mai ado a baki. A 2023 kuwa British Airways ya fito da sabbin kaya na ma'aikata sama da 30,000, wanda Ozwald Boateng, haifaffen Landan ɗan asalin Gana, ya tsara, kuma a ciki har da hijabi ga wadda ke so. Wannan ya taɓa ni, don na san 'yan matanmu da yawa da ke sha'awar aikin, amma iyaye sun ce muddin da buɗe kai, a kai kasuwa.

Yanzu ga inda Hajiya ta kama ni. Ƙa'idar ƙera jirgin fasinja ita ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, ko da rabin ƙofofin sun ƙi buɗuwa. Ma'aikaciyar da za ta jagoranci wannan ba ta buƙatar gyale mai sarƙewa a kujera, ko takalmin da zai huda robar da ake zamewa a kai. Yadin leda kuma in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne da fata, shi ya sa aka fi son ulu da auduga.

Sayen kayan ma ba wasa ba ne. A 2016 American Airlines ya raba sabbin kaya ga ma'aikata kimanin 70,000, sai dubbai suka yi ƙorafin ƙaiƙayi da ƙuraje da sarƙewar numfashi, magana har kotu, kuma a 2020 aka sauya kayan daga wani kamfanin daban. Saboda irin haka, a bajekolin kayan cikin jirgi da ake yi a birnin Hambog na Jamus, mai sayen yunifom ba ya tsayawa kan kyan ɗinki. Zai tambayi sinadarin da aka yi rini da shi, da wanki nawa yadin zai jure, da inda za a kai shi in ya tsufa. Ba a zuba shi a gwanjo, don kada ɓata-gari ya saya ya yi shigar burtu a filin jirgi, kuma jibge shi a bola ɓarna ce. Kamfanin KLM na Holan, wanda ya shafe shekaru yana sauka a Kano, warware tsofaffin kayan ma'aikatansa ya yi, aka saƙa zaren cikin kafet ɗin jiragensa. Na yi dariya na ce ai iyayenmu sun riga su, zane in ya tsufa ya zama goyo, goyo ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo.

Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, garin da ke da marinar Ƙofar Mata da masaƙa da maɗinka tun kaka da kakanni. Nigeria Airways da aka kafa a 1958 ya rufe a 2003, masaƙun Kaduna da na Kano kuma yawancinsu sun zama kango. In yau wani kamfaninmu ya so ya sa wa ma'aikatansa rigar da za ta ce daga nan muke, a ina zai sayi yadin?

Na koma na gyara babin. Tauraruwa yanzu tana sanye da doguwar riga mai ruwan baba, da takalmi filat, da ƙaramin hijabi da aka soke cikin wuyan riga. Na kai wa Hajiya aka karanta mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, yanzu sai in yarda in shiga jirginta." Ta ninke kayanta ta mayar akwati.

'Yan'uwana marubuta, tambaya ba ta ɓatar da mai ita. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu ɗora daga inda muka tsaya.