Tsakanin DVD da Blu-ray: Tarihin Zaɓen Faifan Bidiyo ga Masu Shirya Finafinai

1.0 Gabatarwa

Tun da fim ya bar gidan silima ya shiga ɗakunan jama'a, mai shirya shi bai rabu da tambaya guda ba: a kan wane abu zai ɗora aikinsa ya kai kasuwa? Wannan tambaya ta fi tsanani tsakanin 2006 da 2008, lokacin da faifai iri uku suka haɗu a kasuwa, wato DVD wanda aka saba da shi, da HD DVD da Blu-ray masu hoto tangaran. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan takara, tare da nuna cewa na'urar da ke gidan mai kallo ta fi kyawun hoto ƙarfin faɗa a ji. Daga ƙarshe za a dubi yadda al'amarin ya shafi finafinan Hausa, waɗanda taska ce ga mai nazarin harshe.

2.0 Daga Kaset zuwa Faifai

Takarar farko ta faru ne a kan kaset. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Betamax a 1975, shi kuwa JVC ya biyo da VHS a 1976. Kaset ɗin VHS ya fi ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma JVC ya bai wa kamfanoni da dama izinin ƙera na'urarsa, don haka ta yi araha ta bazu. A 1988 Sony da kansa ya shiga ƙera na'urar VHS.

Faifan VCD ya bayyana a 1993. Hotonsa, a tsarin talabijin na PAL wanda Nijeriya ke bi, ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 74 zuwa 80. A 1995 an kusa maimaita rikicin kaset, domin Toshiba da Time Warner suna da nasu sabon faifai, Sony da Philips kuma suna da nasu. Kamfanonin kwamfuta, ciki har da IBM, suka matsa wa ɓangarorin biyu har suka haɗu a kan faifai ɗaya. Wannan shi ne DVD, wanda ya shiga kasuwar Japan a Nuwamban 1996, ta Amurka kuma a Maris 1997. Yana ɗaukar gigabait 4.7 a shimfiɗa ɗaya, hotonsa kuwa ɗigo 720 ne da 576. Haka nan yana iya ɗaukar muryoyi har guda 8 da rubutun fassara har guda 32, mai kallo ya zaɓi harshen da yake so.

3.0 Takarar HD DVD da Blu-ray

Sulhun 1995 bai ɗore ba. A Fabrairun 2002 Sony da abokansa suka sanar da Blu-ray, Toshiba da NEC kuma suka tsaya a kan HD DVD. Dukkansu suna amfani da shuɗin hasken leza mai tsawon nanomita 405, maimakon jan haske mai 650 na DVD, kuma dukkansu suna ba da hoto mai ɗigo 1920 da 1080, wato ninki biyar na hoton DVD. Bambancin yana wajen ɗauka da ƙira. Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya, HD DVD kuwa 15. To amma ana iya buga HD DVD a masana'antun DVD bayan ɗan gyara, alhali Blu-ray sai an kafa sabbin injina.

Na'urar HD DVD ta riga fita, a Maris 2006, ta Blu-ray ta biyo a watan Yuni. Kamfanonin finafinai suka rabu: Universal ya bi HD DVD, Disney da Fox suka bi Blu-ray, Warner kuwa yana bugawa a kan duka biyun. Abin da ya karkatar da ma'auni shi ne na'urar wasa ta PlayStation 3, wadda Sony ya fitar a Nuwamban 2006 da makarancin Blu-ray a cikinta. Ta haka gidaje masu ɗimbin yawa suka mallaki na'urar kallon Blu-ray ba tare da sun fita neman ta ba. A ranar 4 ga Janairu 2008 Warner ya sanar da komawa Blu-ray kaɗai, manyan kantuna irin su Walmart suka mara masa baya, sannan a ranar 19 ga Fabrairu Toshiba ya janye.

4.0 Matsayin Ƙaramin Furodusa

Masu iya magana kan ce idan giwaye suna faɗa, ciyawa ke shan wahala. Ƙaramin furodusa, wanda ba shi da jarin manyan kamfanoni, ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya buga a kan faifan da ya faɗi, jarinsa ya narke. Idan ya zaɓi Blu-ray, wajibi ne ya biya kuɗin lasisin kariyar AACS kafin masana'anta ta buga masa, ga kuma tsadar tsara faifan. Idan ya tsaya a kan DVD, kashi ɗaya cikin biyar na ɗigon hoton da kyamararsa ta ɗauka ne kawai zai isa ga mai kallo.

Mafitar da masu hangen nesa suka bi ita ce raba tambayar gida biyu. Sukan ɗauki fim da kyamara mai hoto tangaran, su adana uwar aikin yadda take, sannan su sayar a kan DVD, domin shi ne ke kowane gida. Lokaci ya gaskata su. Ko bayan nasarar Blu-ray, DVD ya daɗe yana fin sa ciniki, kuma tun a 2007 Netflix ya fara nuna finafinai ta intanet. Wanda ya adana uwar aikinsa ya sami abin sayarwa a sabuwar kasuwar.

5.0 Finafinan Hausa da Wannan Zaɓi

A Nijeriya harkar fim ɗin bidiyo ta tashi ne a kan VHS. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, Living in Bondage kuma ya fito a Legas a 1992. A shekarun 2000 VCD ya maye gurbin kaset, saboda arahar na'urorin da ake shigowa da su daga ƙasar Sin. A kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano da ta Alaba ta Legas, ɗan kasuwa ba ya karɓar abin da masu saye ba su da na'urar kallonsa. Saboda haka, a daidai lokacin da Sony da Toshiba suke kokawa, furodusan Kano yana auna VCD ne da DVD. Blu-ray bai kafu a wannan kasuwa ba. Daga bisani satar fasaha da masu tura finafinai a waya suka durƙusar da cinikin faifai, harkar ta koma tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube.

Wannan zaɓi ya yi daidai da aljihun mai kallo, amma ya bar baya da ƙura. Hoton VCD bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na hoton Blu-ray ba, kuma abin da aka zubar wajen matse hoto da murya ba ya dawowa. Bugu da ƙari, da yake VCD ba shi da gurbin rubutun fassara na daban, a jikin hoton ake manna shi, ba a iya cire shi ko musanya shi da na wani harshe. Duk fim ɗin da uwar aikinsa ta salwanta, kwafen kasuwa ne kaɗai shaidarsa, shi ma kaset yana lalacewa, faifai kuma yana karcewa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa daga Betamax zuwa HD DVD, wanda ya fi shiga gidaje shi ke yin rinjaye, kuma mai shirya fim ya fi tsira idan ya bambanta abin sayarwa da abin adanawa. Finafinan Hausa na shekarun 1990 da 2000 sun ƙunshi karin harshe da sara da kalmomin aro da karin magana na zamaninsu. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa kai da furodusoshi wajen nemo uwayen ayyukan da suka rage, a juye su zuwa ma'adana ta zamani tun na'urorin da ke iya karanta su ba su ƙare ba.