DevOps: ƙa'idojin aiki tare tsakanin masu rubuta manhaja da masu kula da ita

DevOps suna ne da ake bai wa wani tsarin aiki a kamfanoni da ma'aikatun da ke amfani da manhajar kwamfuta. An haɗa shi daga farkon kalmomin Ingilishi biyu, ɗaya tana nufin ƙirƙirar manhaja, ɗayar kuma tafiyar da ita yau da kullum. Manufarsa ita ce waɗanda ke rubuta manhaja da waɗanda ke kula da manyan kwamfutocin da take gudana a kansu su zama rukuni guda mai nauyi guda. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta wayar salula ko ya yi rajistar jarrabawa ta intanet, ya dogara da aikin waɗannan ɓangarori biyu, ko da bai sani ba.

Tushen matsalar

Shekaru da dama, kowane ɓangare da ma'auninsa. Mai rubuta manhaja ana yaba masa ne gwargwadon sababbin abubuwan da ya ƙara. Mai kula da na'urori kuwa ana tuhumarsa ne idan aiki ya tsaya, kuma ya san yawancin tsaikon daga sabon canji yake fitowa. Saboda haka a wurinsa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sai canje-canje su taru tsawon watanni, a sake su gaba ɗaya cikin dare guda. Idan abu ya lalace, babu wanda ya san wanne ne cikin ɗaruruwan canje-canjen ya jawo, kowa sai ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Yadda tsarin ya samo asali

A watan Fabrairun 2001, masana manhaja 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta yi kira a riƙa gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Wannan ya ƙara wa marubuta manhaja sauri, amma bai taɓa ɓangaren masu kula da na'urori ba.

A watan Yunin 2009, a taron Velocity da aka yi a Kaliforniya, John Allspaw da Paul Hammond na shafin hotuna na Flickr suka bayyana yadda suke sakin canje-canje fiye da sau 10 a rana saboda fahimtar juna tsakanin ɓangarorin biyu. A watan Oktoban wannan shekara, wani injiniya ɗan Beljiyam, Patrick Debois, ya shirya taron DevOpsDays na farko a birnin Gand, kuma daga nan sunan ya bazu. Littafin Continuous Delivery na Jez Humble da David Farley ya fito a 2010, sannan The Phoenix Project na Gene Kim da abokan aikinsa biyu a 2013.

Nauyi guda a kan kowa

Ƙa'ida ta farko ta shafi ɗabi'ar aiki. Tun a 2006, Werner Vogels, babban jami'in fasaha na Amazon, ya bayyana cewa a kamfaninsu rukunin da ya gina manhaja shi ne ke tafiyar da ita. Wato kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Injiniyan da ya san shi za a tasa da ƙarfe 3 na dare idan rubutunsa ya tsayar da aiki, zai fi mai da hankali tun wajen rubutawa. Haka nan ana sa masu kula da na'urori cikin shawara tun daga zayyanar farko, ba sai an gama a miƙa musu ba.

Ƙananan canje-canje, akai-akai

A zahiri mutum zai zaci yawan canji shi ne yawan haɗari. Amma canjin da bai wuce ƴan layuka ba yana da sauƙin dubawa, idan kuma ya kawo matsala nan take a gane shi a janye. Don haka kowane injiniya yana haɗa aikinsa da na sauran a ma'ajiya guda, galibi ta hanyar Git wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, aƙalla sau ɗaya a rana. Kuma ba a sakar wa jama'a duka sabon zubi lokaci guda. Ana fara bai wa kashi kaɗan, a sa ido, sannan a faɗaɗa.

Abin da ya faru ranar 19 ga watan Yulin 2024 ya nuna muhimmancin wannan mataki. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wani sabuntawa mai kuskure ga abokan cinikinsa a lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 masu amfani da Windows ne suka tsaya, abin da ya shafi filayen jiragen sama, bankuna da asibitoci. Cikin gyare-gyaren da kamfanin ya yi alkawari daga baya har da sakin irin wannan sabuntawa mataki-mataki.

Na'ura ta yi aikin da ake maimaitawa

Duk aikin da ake yi da hannu sau da yawa, wata rana sai an manta wani mataki. DevOps na buƙatar gwajin manhaja, ɗora ta a kan kwamfutoci da ma saita kwamfutocin kansu su kasance rubutattun umarni da na'ura ke bi iri ɗaya kowane lokaci. Manhajoji irin su Jenkins, Ansible, Docker da Kubernetes don wannan aka yi su.

Misalin da ake yawan koyarwa shi ne na Knight Capital, kamfanin cinikin hannayen jari a Amurka. An ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutoci 7 cikin 8, aka manta ɗaya, kuma babu mutum na biyu da ya duba aikin. Da aka buɗe kasuwa ranar 1 ga watan Agustan 2012, kwamfuta ta takwas ta farfaɗo da wani tsohon umarni, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin mintuna 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440 ko fiye, daga bisani ya haɗe da wani kamfani mai suna Getco.

Aunawa da sa ido

A batun Knight Capital, hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta gano cewa na'urorin kamfanin sun aika saƙonni 97 game da matsalar kafin a buɗe kasuwa, ba tare da an ɗauki mataki ba. Saboda haka tara bayanai kaɗai bai isa ba, dole a san wane gargaɗi ne ke zuwa ga wa.

Rukunin bincike na DORA, wanda Nicole Forsgren ta jagoranta kuma Google ya saya a 2018, ya shahara da ma'auni huɗu: sau nawa ake sakin canji, tsawon lokacin da canji ke ɗauka daga rubutawa zuwa hannun jama'a, kashi nawa na canje-canjen ke jawo matsala, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a dawo da aiki. Babban sakamakon binciken, wanda ke cikin littafin Accelerate na 2018, shi ne rukunonin da suka fi sauri su ne kuma suka fi ƙarancin tsaiko.

Google yana da tasa hanyar sasanta ɓangarorin biyu. Ana yarjejeniya, alal misali, cewa manhaja za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Ragowar, kusan mintuna 43 a wata mai kwana 30, shi ne rabon kuskure. Muddin bai ƙare ba, masu rubutu na da damar sakin sababbin abubuwa. Idan ya ƙare, a dakata a koma gyara.

Bincike ba tare da neman mai laifi ba

Bayan kowace matsala ana zama a rubuta abin da ya faru daki-daki. Allspaw, bayan ya koma kamfanin Etsy, ya yaɗa wannan salo a 2012. Hujjarsa ita ce ma'aikacin da ke tsoron kora zai ɓoye gaskiya, kuskuren kuma ya sake dawowa ta hannun wani. Tambayar da ake yi ita ce me ya sa tsarin ya bar kuskuren mutum ɗaya ya kai ga jama'a. Tunanin yana da alaƙa da masana'antar Toyota ta Japan, inda kowane ma'aikaci ke da ikon jan igiyar gargaɗi da zarar ya ga aibi, har a tsayar da layin haɗa motoci.

Inda ake yawan kuskure

Wasu ma'aikatu suna sayen kayan aiki ko su buɗe wani sabon sashe mai suna DevOps, alhali ma'aunin yabo da tuhuma yana nan yadda yake. Sakamakon shi ne ɓangarori uku a maimakon biyu. Wasu kuma suna ɗora wa mutane ƙalilan rubutu da rana da gadi da dare har su gaji su bar aiki. Don kauce wa haka, Google ya ƙayyade cewa aikin hannu da amsa kiran gaggawa kada su wuce rabin lokacin injiniyoyinsa masu kula da ɗorewar aiki.

Ƙaramar ma'aikata mai injiniyoyi uku ko huɗu ba ta buƙatar kuɗi masu yawa kafin ta fara, domin Git, Jenkins da Ansible duk kyauta ne. Matakan farko su ne adana dukan rubutu a ma'ajiya guda, sa mutum na biyu ya duba kowane canji, da gwada hanyar komawa tsohon zubi tun kafin ranar da za a buƙace ta.