Sanƙarau da Hanya: Tarihin Binciken Jigilar Rigakafi a Garwa da Arewacin Kamaru

Binciken jigilar magani fanni ne da ke haɗa likita da masanin lissafi da mai kula da rumbun ajiya a kan tambaya guda: yaya allura za ta bar masana'anta ta isa damtsen yaro da ƙarfinta, a kan kari, kuma da kuɗin da gwamnati za ta iya biya? A arewacin Kamaru, inda tarihin wannan fanni ya fi fitowa fili shi ne yaƙi da sanƙarau, cutar da ke shigowa da ƙurar hunturu ta yi ƙamari a bazara, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Tafiya biyu masu bincike suka yi ta fama da su: ta samfurin majiyyaci daga ƙauye zuwa ɗakin gwaje-gwaje, da ta allurar rigakafi daga rumbu zuwa ƙauye.

Nisan da ake magana a kai

Kayan da suka sauka a tashar ruwa ta Duwala, ko suka fito daga rumbunan Yawunde, jirgin ƙasa ba ya wuce Ngaundere da su, domin a nan layin dogo ya tsaya tun 1974. Daga nan sai mota: kusan kilomita 280 zuwa Garwa a bakin Binuwai, ta gangaren dutsen da direbobi ke shakka, sannan sama da kilomita 200 zuwa Marwa, kafin a kama hanyar Kusiri da ƙauyukan bakin kogin Logon. Yawancin alluran rigakafi kuwa ba sa son su fita daga sanyin digiri 2 zuwa 8. Wutar yankin ta dogara ne da madatsar ruwa ta Lagdo da aka gama a 1982, kuma ƙananan asibitoci da dama na karkara sun daɗe suna dogaro da firij mai kananzir ko gas, kafin mai amfani da hasken rana ya yaɗu.

Tushen al'amarin

Tunanin cewa likita ne zai bi majiyyaci, ba majiyyaci zai nemo likita ba, yana da tsohon tarihi a Kamaru. Eugène Jamot, likitan sojan Faransa da ya kama aiki a Ayos a 1922, shi ya tsara ayarin ma'aikata masu yawo gari-gari da madubin likita da magani don yaƙar ciwon barci, kuma a 1926 aka mai da aikin hukuma mai zaman kanta. Wannan salo na ayari shi kamfen ɗin rigakafi ya gada.

A 1963 wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya wallafa dogon nazari a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya zana iyakar yankin da sanƙarau ke maimaita annoba a Afirka. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a wannan yanki da ake kira ɗamarar sanƙarau, daga Senegal zuwa Habasha, kuma arewacin Kamaru yana cikinta tare da Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Amfanin aikin ga masu jigila a bayyane yake: an san wurin, an san watannin, don haka ana iya kai kaya kafin cuta ta iso.

Sai dai allurar da aka samu daga baya ba ta ba da wannan dama sosai ba. Kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, ba ta kama ƙananan yara yadda ya kamata, saboda haka sai annoba ta ɓarke ake rugawa da ita. Annobar 1996 zuwa 1997 ta nuna iyakar wannan dabara: mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu, kuma arewacin Najeriya ya fi ko'ina jin jiki. A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF da tarayyar ƙungiyoyin Red Cross suka kafa rumbun gaggawa na haɗin gwiwa, don kada ƙasa ɗaya ta kwashe allura ta bar maƙwabciyarta hannu wofi.

Tafiyar samfuri zuwa Garwa

An kafa Cibiyar Pasteur ta Kamaru a Yawunde a 1959, aka buɗe reshenta na Garwa a 1985 don ya ɗauki nauyin gwaje-gwajen arewa. Matsalarsa ta farko ita ce ƙwayar sanƙarau ba ta jure tafiya. Idan an ɗebi ruwan ƙashin bayan majiyyaci a wani asibiti da ke nesa, kafin kwalbar ta iso ƙwayar ta mutu, ba za ta tsiro a ɗakin gwaji ba. Mafita ta zo da gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar ta kayan gadonta ko da ta mutu. Cibiyar CERMES ta Yamai ce ta fara nuna amfanin wannan hanya a faɗin Nijar tun farkon shekarun 2000, kuma reshen Garwa ya bi sahu.

Sakamakon ya fito a 2009 a mujallar Emerging Infectious Diseases. Denis Massenet da abokan aikinsa sun ruwaito cewa a lokutan sanƙarau na 2007 da 2008, duka ƙwayoyi 57 da aka tantance a arewacin Kamaru nau'in W135 ne. Wannan ba ƙaramin labari ba ne ga mai sayen allura. Wadda aka saba ajiyewa tana kare nau'in A da C ne kawai, kuma Burkina Faso ta riga ta ɗanɗana annobar W135 a 2002. Da ba a san nau'in ba, ana iya cika motoci da allurar da ba za ta tare cutar da ke yawo ba.

Sabuwar allura

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ƙaddamar da shirin samar da allurar nau'in A mai daɗewa a jiki, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta a kan ƙasa da santi 50 na dala kowane mutum, aka raɗa mata MenAfriVac. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010. A Disambar 2011 ta iso jihar Arewa, mai hedkwata a Garwa, da jihar Arewa Mai Nisa, mai hedkwata a Marwa, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Jihohin Adamawa da Arewa maso Yamma na Kamaru suka biyo baya a 2012. A wannan zagaye na 2011 ne Chadi da wasu jihohin Najeriya, ciki har da Katsina da Jigawa da Zamfara, suka yi nasu. Nazarin da aka yi a Chadi, wanda mujallar Lancet ta buga, ya sami raguwar kamuwa da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi allurar.

Kamfen irin wannan yana cin ƙanƙara fiye da kima. Kowane ayari na bukatar akwatin sanyi da robobin ƙanƙara da aka daskarar tun daren jiya, kuma idan sun narke dole mai babur ya juyo gari, ko da sauran ƙauyuka a gaba.

Kwana huɗu ba ƙanƙara

Masu bincike sun lura cewa MenAfriVac, da yake busasshen gari ce a kwalba, ta fi jure zafi fiye da yadda takardarta ta nuna. A Oktoban 2012 aka amince a riƙe ta har kwana huɗu a zafin da bai wuce digiri 40 ba, tare da kati mai sauya launi idan an ƙetare iyakar. Wata guda bayan haka aka gwada a Banikoara da ke arewacin Benin, aka yi wa mutum kimanin 155,000, kuma kwalabe tara kawai aka zubar saboda sun wuce kwana huɗun. Simona Zipursky da abokan aikinta suka wallafa wannan a mujallar Vaccine a 2014. A shekarar kuma Patrick Lydon da abokan aikinsa suka lissafa da alƙaluman kamfen ɗin Chadi cewa wannan hanya na iya rage kuɗin sanyi da jigila da kusan rabi.

A Nijar kuwa lissafin ya koma cikin kwamfuta. Bruce Lee da ayarinsa na Jami'ar Pittsburgh sun gina manhaja mai suna HERMES, suka zuba mata kowane firij da mota da rumbu na tsarin rigakafin ƙasar, sannan suka riƙa gwada sauye-sauye: a cire matakin rumbun jiha, a ƙara yawan tafiyar mota, ko a shigo da sabuwar allura mai cin wuri. Maƙalun da suka fitar tsakanin 2011 da 2013 sun nuna cewa sau da yawa cunkoson ba a rumbu kaɗai yake ba, yana cikin motar da ke ɗauko kaya, kuma sabuwar allura na iya tura tsofaffi waje idan ba a faɗaɗa wurin ba. Yanayin Nijar da na arewacin Kamaru kusan ɗaya ne wajen zafi da nisa, shi ya sa darasin ya shafi Garwa kai tsaye.

Inda aka kwana

Nau'in A ya kusa ɓacewa daga ɗamarar, amma nau'in C ya yi ɓarna a Yamai a 2015 da Zamfara a 2017, abin da ya ƙara wa aikin tantance samfuri muhimmanci. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da allurar Men5CV mai kare nau'i biyar: A da C da W da Y da X. A ranar 22 ga Janairun wannan shekarar Kamaru ta zama ta farko a duniya da ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara na yau da kullum, a gundumomin lafiya 42, kuma kowace kwalbarta na neman gurbi a firijin da ya riga ya cika. Garwa yanzu tana da tsangayar koyon likitanci a jami'ar da aka kafa a garin a 2022, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take son a kawo ƙarshen annobar sanƙarau.