Daga gandun sarki zuwa awon igiya: tarihin mallakar gida a Darmanawa da kewayenta

 Yau ba za mu yi nisa ba, a kudancin birnin Kano za mu tsaya: Darmanawa, Gyadi-Gyadi da Tarauni. Duk matashin da ya fara haɗa 'yan kuɗi yana tunanin aure, akwai tambayar da ke hana shi barci: a ina zan ajiye iyali? Da yawa idan aka ce su zaɓa, wannan yankin za su nuna, saboda ga asibiti, ga kasuwa, ga titi. To amma ni a ganina, kafin mutum ya miƙa kuɗinsa ga dillali, ya kamata ya san tarihin ƙasar da zai saya, domin rigingimun filaye da yawa da muke gani a kotu yau, tushensu yana can baya.

Mu fara daga lokacin da badala ce iyakar birni. Wanda ya fita ta Ƙofar Nassarawa ya miƙi hanyar Zariya, gonaki zai tarar da ƙananan ƙauyuka. Ƙasar da ke kewaye da Kano ta yi suna wajen yawan jama'a da noma ba hutu, kuma sirrin abin shi ne taki. Da rani jakai ke kwaso toka da shara daga cikin birni su kai gona, su komo da itace da hatsi. A cikin waɗannan gonakin akwai na talakawa, akwai kuma gandun sarki, irin na Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, waɗanda manyan bayin sarki kamar Shamaki da Ɗan Rimi suke kula da su. Darmanawa ma masarauta tana da filayenta a can. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A wancan zamanin ba takarda ake nema ba. Baƙo ya zo, ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a nuna masa inda zai kafa bukka ko ya yi noma. Shaidarsa ita ce mutane, iyakarsa kuma itatuwa ko jan kunnen gona da kowa ya sani. Idan ya rasu, a raba wa magada bisa shari'a. Tsari ne da ke aiki lafiya muddin kowa ya san kowa.

Turawa suka ci Kano a 1903. A 1910 suka fito da dokar da ta ce ƙasar Arewa gaba ɗaya tana hannun Gwamna, shi ke riƙe da ita a madadin 'yan ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, gari ya fara tsallake badala. Amma faɗaɗar farko gabas da arewa ta nufa: Nassarawa ta Turawa, Sabon Gari, Fagge. Kudu ta ci gaba da zama gona na tsawon shekaru. Gwamnatin Arewa ta sabunta dokar ƙasa a 1962, sannan aka zana wa Kano tsarin bunƙasa na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Baturen da ya jagoranci aikin, Trevallion.

Abin da ya juya akalar wannan yankin shi ne ƙirƙiro jihar Kano a 1967. Sabuwar jiha tana buƙatar ma'aikata, ma'aikata suna buƙatar gidaje. A zamanin Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka buɗe gidan zu, titin da ya bi ta gabansa ya ɗauki sunansa. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka gina rukunin gidajen Kundila, masu ɗauke da sunan shahararren attajirin nan na Kano ta dā. Malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwar da gidan gado ya yi wa kaɗan a cikin birni, duk suka fara kallon Gyadi-Gyadi da Tarauni. Daga baya asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya zauna a kan titin Zariya. Likitoci, ma'aikatan jinya, ɗalibai, masu kemis, kowa yana son kusa da wurin aiki. Nan ne darajar ƙasar Darmanawa da Karkasara ta tashi.

To yanzu ga inda labarin ya ɗau zafi. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda har yau da ita ake aiki. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha amana ce a hannun Gwamna. Abin da kake samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99, wato takardar nan da muke kira C of O. Idan za ka sayar ko ka jinginar, sai da amincewar Gwamna. Idan kuma gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba.

Ku sa kanku a matsayin manomin da gari ya iso bakin gonarsa. Ya jira gwamnati ta zo ta biya shi kuɗin dawa da bishiyar mangwaro? Ko ya kira dillali a kawo igiya, a yanka gonar hamsin ba hamsin, ya sayar da hannunsa? Da yawa na biyun suka zaɓa, kuma ba na ganin laifinsu. Wannan shi ne asalin awon igiya. Shi ya sa idan ka zaga yankin za ka ga fuska biyu: wani wuri tituna a miƙe da kwalbati, awon gwamnati ke nan, ka ɗan gusa kaɗan sai ka faɗa lungun da mota biyu ba sa wuce juna, babu filin makaranta, babu hanyar ruwa, domin kowane taku an mai da shi kuɗi. Da damina ake gane bambancin.

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tarauni, mai mazaɓu 10 ciki har da Darmanawa da Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu, tana da mutum sama da 220,000. Ƙasa ba ta ƙaruwa, mutane ne ke ƙaruwa. Yau abin da ake saya a nan galibi ba gona ba ce, tsohon gida ne. Waɗanda suka gina a shekarun 1970 da 1980 da yawa sun riga mu gidan gaskiya, gidajen sun zama na magada.

Na ce za mu dawo kan filayen masarauta. A farkon 2020, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta sanar cewa tana bincike a kan sayar da wasu filayen masarauta, kuma sunan Darmanawa ya fito a ciki. Zargi ne, ya zo ana tsakiyar rikicin gwamnati da fada, kuma ba hurumina ba ne in yanke hukunci. Abin da nake so mu lura shi ne, gandun da aka noma fiye da shekara 100 da suka wuce yana iya dawowa ya zama maganar takardar gidan wani yau. Haka kuma mun ga rusau na watan Yunin 2023, inda gine-ginen da wata gwamnati ta ba da izininsu, wata ta zo ta ce ba bisa ƙa'ida aka yi ba.

Saboda haka ga abin da tarihin nan ya koya mini. Na farko, ka tambayi asalin ƙasar: gona ce aka yanka, awon gwamnati ne, ko filin hukuma? Na biyu, idan mai takarda ne, ka je ma'aikatar ƙasa da KANGIS a duba fayil, ka tabbatar sunan da ke ciki shi ne mai sayarwa, kuma ba a ajiye takardar a banki ba. Na uku, idan gidan gado ne, kada ka yarda da maganar babban wa shi kaɗai. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ka ji daga bakin matan gidan da waɗanda ke aure a wani gari, domin a fiƙihun Malikiyya wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya fi bare cancantar saye. Na huɗu, mai unguwa da maƙwabta su shaida, amma ka sani sa hannunsu ba ya maye gurbin takardar gwamnati, kuma kafin ka ɗora bulo sai da izinin KNUPDA. Na ƙarshe, ka je kallon gidan bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta, ka tambayi maƙwabta zurfin rijiyarsu. La'adar dillali kuwa, a yi maganarta tun kafin a yi sallama.

Duk da haka, unguwannin nan suna da abin da sabbin rukunin gidaje na bayan gari ba su kai ga samu ba: masallacin da aka san wanda bai zo Asuba ba, majalisar da za ta tashi tsaye ranar suna ko rasuwa, Islamiyyar da yaro zai je da ƙafa. Wannan ma yana cikin abin da mutum yake biya.

Idan kakanninku sun yi noma a Darmanawa ko Tarauni, ko iyayenku na cikin waɗanda suka fara gini a Gyadi-Gyadi, ku zauna da su ku ji labari tun suna raye, ku kuma tambaye su inda takardun gidan suke. Allah Ya ba kowa muhalli na halal, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari.