Daga Bakin Turmi Zuwa Takarda: Mata da Waƙa a Ƙasar Hausa

'Yan uwa, yayin da ƙungiyarmu ta ƙara shekara, bari mu waiwayi wani gado da iyayenmu mata suka bar mana, wato waƙa. Da can, in mace ta durƙusa kan dutsen niƙa ko ana lugude a bakin turmi, da waƙa take fitar da abin da ke cin ranta, na kishiya ko na miji.

Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta gane ƙarfin wannan. Ta tsara waƙoƙin karantarwa, jajis ɗinta suka haddace, suka kai wa 'yan taru a ƙauyuka.

A zamaninmu kuma ga Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, gwanar amada da kiɗan ƙwarya. Har ta rasu a 2013 tana zuga mata su kama sana'a, maganar da muke kai yau ɗin nan.

Wajen nazari ma mata ne a gaba. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u a 1997, Farfesa Sa'adiya Omar ta Sakkwato ta rubuta littafi kan 'yan taru.

Amma fa injin niƙa ya kori dutse, waƙoƙinsa na bin tsofaffi kabari. Wadda ke da kaka a gida, don Allah ta ɗauki muryarta a waya, ta kawo taronmu na gaba. Allah ya jiƙan magabata.