Neman Giwan Ruwa a Yamai, Daga Zamanin Mashi Zuwa na Fatsa

Kakana da jirgin katako ya hauro daga ƙasar Kabi. Ya yada zango a Gaya, ya shekara uku a Sayi, kafin ya kafa bukka a bakin ruwa a Gamkalle. Basarke ne, kuma da ya iso ya tarar kogin Isa da masu shi: Sorko na Zabarmawa da Songai, masu danganta kansu da Faran Maka Bote. Sarkawa da Sorko suna ɗaya ne, baki ne ya bambanta. A lokacin kowane gurbi mai zurfi akwai gidan da ke riƙe da shi, baƙo kuwa ba ya jefa ko ƙugiya ɗaya sai ya je ya gai da mai ruwa.

Samarin da ke zuwa wurina yanzu, riƙe da sabuwar sandar fatsa mai naɗe zare, tambayarsu ɗaya ce: Baba, wane koto giwan ruwa ke so? Sun ga Amurkawa a waya suna jefa kifin roba suna jawo nasu. Nakan ce su jingine sandar tukuna, su zauna.

Mutanen zamanin kakana ba su da kaya da yawa, sai sanin ruwa. Mashi, gura, mamari, da taru wanda mata da tsofaffi ke murza zarensa da rama. Ana jiƙa shi cikin ruwan bagaruwa don kada ya ruɓe, har ya yi ja. In ka ji ana cewa kifi na ganinka mai jar koma, mu ba karin magana kawai muka sani ba, mun ga komar. Wanda ke son ganin irin waɗannan maza ya nemi fim ɗin da Jean Rouch ya ɗauka a 1951 a Firgun, kusa da Ayoru, inda Sorko suka ɗinke babban jirgi da igiya suka bi dorina da masu. Tarun rama yana cin watanni kafin a gama shi, idonsa kuma faffaɗa ne, ƙaramin kifi ya ratsa ya wuce. Ba doka ta sa ba, wahalar saƙa ce ta kare ƙananan.

Zaren nailan ya sauya komai. Wajajen samun ƴancin kai a 1960 ya fara cika kasuwa: ba ya ruɓewa, kifi ba ya ganinsa, kuma duk mai kuɗi na iya saye ko bai gaji su ba. Mahaifina ya yi murna da shi, ban ga laifinsa ba, domin a shekarun nan ne ya gina ɗakin ƙasa ya bar bukka. Har aka buɗe gadar Kennedy a 1970, giwan ruwan da sai mutum biyu sun ratayo shi a gwangwala ba abin taruwa a kalla ba ne.

Sai fari. Na 1973 ya taɓa mu, na 1984 ya karya mu. A watan Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Ina saurayi, na taka da ƙafata daga wannan gaɓa zuwa Harobanda. Abin da ya rage tafkuna ne nan da can, kifi ya cushe ciki yana haki, kowa kuma ya shiga: manomin da gonarsa ta ƙone, makiyayin da shanunsa suka ƙare, yara da kwanduna. Yunwa ce, ba mai cewa a bari. Amma iyayen kifi muka kwashe a shekarar, manyan mata masu ƙwai, domin a giwan ruwa mace ce ke yin girman da ake labari. Bayan nan aka gina madatsar Gudel don tare wa birni ruwan sha, yashi ya ci gaba da cike gurabun da kakana ya sani da suna, baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta rufe gaɓa, har aka kai wasu na jan gidan sauro a madadin taru. Dokar kamun kifi ta 1998 ta hana guba da nakiya da raga mai ƙananan ido. Takarda ta hana. Ruwa kuwa yana da faɗi, ma'aikatan gandun daji ba su da yawa.

Wannan kogin za ka shiga, ɗana, ba na kakana ba.

Fara da sanin cewa ruwanmu sau biyu yake cika. Jan ruwa na Agusta da Satumba daga kogunan Sirba da Dargol da Gorol yake zuwa, cike da laka. Shi ne ya ci unguwanni a 2020. Lokacin tarwaɗa ne da ƙurungu, masu bin wari. Giwan ruwa da ido yake farauta, don haka jira baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun Gine ya iso mana cikin sanyi, ya kai ƙololuwa wajen Janairu. In ya fara janyewa ya yi garau, nemi inda igiyar ruwa ke bugun dutse ta juyo, ko bakin rami mai zurfi, da asuba ko gab da magariba. Can yake laɓewa, ba ya yawon banza. Koto kuwa, kifin robanka zai yi aiki wata rana, amma ƙaramar karfasa ko kawara mai rai, a soke ta a gadon baya yadda za ta ci gaba da iyo, ita ya sani. In ya ɗauka zai yi tsalle ya girgiza kai; sassauta masa, kada ka yi ja-in-ja. Gefen kumatunsa kamar aska yake, yana yanke zare yana yanke hannu, don haka ƙara zare mai kauri kusa da ƙugiya, kada kuma ka cusa yatsa a wurin.

Ka karɓi takardar izini. Ka tambayi masuntan wurin inda dorina ke kwana, musamman daga Bubon zuwa sama, kuma mai ɗa a gefenta ba a kusantarta ko cikin jirgi.

Abin da na fi roƙon samari a kai shi ne na ƙarshe, shi ne kuma suka fi jin nauyinsa. A Argungu an fitar da kifi mai kilo 75 a 2005, ba don masuntansu sun fi mu hannu ba, sai don kogin Matan Fada a rufe yake sauran shekara, kifi na samun sukunin girma. Mu ba mu da wannan shinge. Giwan ruwa sai ya kai kamar shekara uku yake fara haihuwa, ga shi a kasuwar Jemaje za ka ga ana jera waɗanda ba su kai kamu ɗaya ba. Duk lokacin da na gani sai cikina ya ɗuri ruwa. Masunci mai iyali goma ban iya ce masa ya saki abincin gidansa ba. Kai da ka zo don sha'awa ranar Asabar, kana iyawa.

Makon jiya wani ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni da ke bina tun sanyi ya kama nasa na farko a ƙasan Saga. Bai fi tsawon damtsena ba. Ya dube ni, na yi shiru. Ya jiƙa hannunsa kamar yadda na nuna masa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya riƙe kifin cikin ruwa yana fuskantar igiya har ya kaɗa wutsiya ya nutse. Sannan ya ce, "Baba, ƙara mini kawara."