Ƙungiyar da ke Tonon Tarihi a Ƙarƙashin Ƙasa

Tarihinmu na wannan mako daga Birtaniya ya fito.

A shekarar 1742 wasu leburori a garin Royston na Ingila suka ɗaga wani dutsen niƙa, sai ga rami a ƙarƙashinsa. Da aka shiga aka tarar da ɗaki mai siffar ƙararrawa, an fafe shi cikin farin dutse, bangonsa cike da sassaƙe-sassaƙen addinin Kirista. Har gobe masana na jayayya kan waɗanda suka haƙa shi. Wata mata, Sylvia Beamon, ta shafe shekaru tana nazarin wannan kogo, kuma ita ce ta kafa ƙungiyar Subterranea Britannica a 1974. Ba ruwansu da kogon da Allah ya halitta. Abin da hannun ɗan Adam ya haƙa suke bi: ramukan ma'adinai, hanyoyin jirgin ƙasa da aka daina amfani da su, da maɓoyar yaƙi.

Aikinsu da ya fi burge ni shi ne na ramukan yaƙin cacar baka. Daga 1956 zuwa 1965 gwamnatin Birtaniya ta gina ƙananan ɗakuna sama da 1,500 a ƙarƙashin gonaki, kowanne na ɗaukar mutum uku, waɗanda za su zauna ciki su auna ƙarfin bam ɗin nukiliya idan Tarayyar Sobiyet ta jefo. Ba a jefo ba. A 1968 aka rufe kusan rabinsu, sauran kuma a 1991. Daga nan ruwa ya cika wasu, manoma suka rushe wasu, ɓata-gari suka ƙone wasu. 'Yan ƙungiyar suka bi su ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin aljihunsu, suna ɗaukar hoto suna rubuta halin da kowanne yake ciki. Da yawa yanzu hoton nan kaɗai ya rage.

Sun kuma riƙa zagayawa da jama'a cikin Paddock, maɓoyar da aka gina wa Churchill a arewa maso yammacin Landan. Sau ɗaya ya jagoranci zaman majalisar yaƙi a ciki, a watan Oktoban 1940, bai sake ba, don wurin bai yi masa ba.

'Yan uwanmu mazauna Umuahia ba sai sun je Ingila ba. Maɓoyar Ojukwu ta zamanin yaƙin basasa tana nan a garin, kuma ana barin baƙi su shiga.